Darasi: Manoma da Dajin Gashaka Gumti

Dajin Gashaka Gumti yana jihohin Taraba da Adamawa. Gwamnatin Tarayya ta keɓe shi a 1991. An hana farauta da saran itace a cikinsa.

Amma akwai ƙauyukan manoma da makiyaya a ciki da gefen dajin. Idan gona ta gaji, manomi yakan sare daji ya yi sabuwa, domin takin zamani yana da tsada. Birai kuma sukan ɓata masa masara, ga shi ba dama ya harbe su.

Kogin Taraba yana samun ruwa daga duwatsun wannan daji. Inda aka sare itatuwa, ruwan sama yakan wanke ƙasa, rafi ya ƙafe da wuri. Daga nan mai noman rani ya rasa ruwan ban lambunsa.