Darasi na 9: Koya wa Yara Warewa da Karanta Jadawali

'Yan uwa mata, kowa ta buɗe littafinta na zubi. Kowane hatimi hannun jari ɗaya ne. Ko ba ki yi boko ba, da kin dubi layukan kin san makon da kika zuba da yawa da makon da hannu ya yi sanyi. To, wannan shi ne jadawali: lissafin da ido ke karantawa. Matan karkarar Maraɗi da suka fara Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yawancinsu ba su iya rubutu ba, amma sun riƙe lissafinsu. Yaranmu na Roni ma za su iya koyo tun suna shekara huɗu zuwa bakwai.

Kayan aiki: faifai, wake, gyaɗa, masara, tsakuwa da kara.

1. Warewa. Ki gauraya waken da gyaɗar da masarar a faifai, ki ce yaro ya ware kowanne gefe guda. Ki tambaye shi: "Me ya sa ka haɗa waɗannan?"

2. Jerawa. Ki ja layi a ƙasa da kara. Ku ƙirga dabbobin gida, tsakuwa ɗaya dabba ɗaya. Misali awaki 5, tumaki 3, kaji 8. Kowane iri da jerinsa.

3. Karantawa. Wane jeri ya fi tsawo? Da nawa kaji suka fi awaki? In an sayar da tunkiya ɗaya, me zai canza?

A kula: dole kowane jeri ya fara daga layi ɗaya, tazarar tsakuwa ta zama daidai. In ba haka ba, uku za su yi kamar sun fi biyar. Ki gwada yaron da gangan, ki baza tsakuwar tumaki, ki ga ko zai gane. Yaron da ya kama wannan wayo, da wuya a cuce shi a kasuwa. Kuma a nisanta ƙanana daga ƙwayoyin, kada su cusa a hanci ko kunne.

Aikin gida: ki ɗauko katin awon jaririnki, ku bi layin nauyinsa tare da yayarsa. Yana hawa ne, ko ya tsaya? In ya tsaya ko ya sauka, ki kai shi asibiti. A taro mai zuwa kowa ta faɗa mana abin da ɗanta ya gano.