Sha-raɓa: Zuciya ta Biyu a Jikin Ɗan Adam

A makarantu da dama akan ga ɗalibi ya yanke jiki ya faɗi a filin taron safe ko wajen fareti, alhali kuwa lafiya ƙalau ya fito. Akan ɗora laifin a kan yunwa ko zafin rana. Lalle suna da hannu, amma akwai wani dalili can ƙasa a sha-raɓa, watau naman nan da ke bayan ƙwauri, wanda wasu ke kira dambubu.

Manyan tsokoki biyu ne suka haɗu suka yi sha-raɓa. Ta sama, wadda ake ganin tudunta, likitoci na kiran ta gastirokinimiyas. Kai biyu gare ta, kuma dukansu daga ƙarshen ƙashin cinya suka taso, suka tsallake bayan gwiwa. Ta biyu, soliyas, faffaɗa ce, tana kwance ƙarƙashin ta farko, ta taso daga ƙasusuwan ƙwauri biyu. Can ƙasa sai su haɗe a agara, mai tsawon kimanin santimita 15, wadda ta kama ƙashin diddige. Da zarar sun tsuke sai diddige ya ɗaga, jiki ya tura gaba. Ta sama ita ce ta gudu da tsalle, ga ƙarfi amma ga saurin gajiya. Soliyas kuwa mai juriya ce, ita ke hana mai tsayuwa kifewa ta fuska.

Aikin da ba a cika sani ba shi ne na mayar da jini. Saukar jini daga zuciya zuwa ƙafa abu ne mai sauƙi, komawar ce hawan tudu, tafiyar fiye da mita 1 ga babban mutum. A cikin sha-raɓa akwai manyan jijiyoyin jini masu 'yan ƙofofi da ke buɗewa ta sama kaɗai. Irin waɗannan ƙofofi suna cikin hujjojin da William Harvey na Ingila ya kafa a 1628, cewa jini kewaya jiki yake yi. Duk takun da mutum ya yi, tsokokin na matse jijiyoyin, jini ya haura, ƙofofin su rufe su hana shi dawowa. Matsin jini a jijiyar idon sawun wanda ya tsaya cik yakan kai milimita 90 a ma'aunin zaiba, amma da ya fara tafiya sai ya sauko kusa da 30.

To, ɗalibin da ya ƙame a layi ya tsayar da wannan famfo. Jini ya taru a ƙafafu, wanda ke komawa zuciya ya ragu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, sai jiri, sai suma. Kuskure ne a tallafe shi a tsaye ko a zaunar da shi. A kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, in kuwa bai farfaɗo cikin minti 1 ko 2 ba, a garzaya asibiti. Motsa yatsun ƙafa cikin takalmi da ɗan ɗaga diddige kan hana aukuwar haka, kuma ya kamata malamai su koyar da shi.

Doguwar tafiya a zaune, cikin mota ko jirgin sama, ta fi haɗari, don jinin da ya kwanta yana iya daskarewa. Idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura, tana ciwo, ta ɗauki zafi, kada a yi mata tausa, a nemi likita nan take, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya toshe hanyar jini a huhu.