Dafa Haƙarƙari A Gida Domin Mai Juna Biyu

'Yar'uwa mai juna biyu, da wuya ranar awo ta wuce ba a samu wadda ta tambaye mu ko akwai laifi ta ci nama ba. Wasu an gaya musu a gida wai nama yana sa ɗa ya yi ƙato a ciki har haihuwa ta zo da wuya. Wannan magana ba ta da tushe. Nama yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da jikinki yake buƙata don ƙera jini, kuma hanji ya fi saurin tsotse shi daga nama fiye da ganye. Idan aka auna jininki aka ga ya yi ƙasa da 11, to kina da ƙarancin jini, kuma shi ne yake sa zubar jini lokacin haihuwa ta fi haɗari. Saboda haka ki ci nama gwargwadon ƙarfin maigida. Abin da muke jan hankalinki a kai shi ne yadda za ki dafa shi.

A cikin ɗanyen naman rago, akuya ko alade akan samu wata ƙwayar cuta mai suna tokzofilazma, wadda ido ba ya gani. Uwa na iya kamuwa da ita ba ta ji komai ba, amma ta ratsa mahaifa ta taɓa idon jariri ko ƙwaƙwalwarsa, wani lokaci ma ta jawo ɓari. Zafin wuta yana kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci ya kai zafin digiri 70 har can cikinsa. Ba kowa ke da ma'auni a kicin ba, don haka ki yanka tsokar da ta fi kauri, kusa da ƙashi. In kin ga ja ko ruwan jini, ki mayar wuta. Iyalan da suke cin alade su ƙara kula, domin shi ban da wannan cuta yana iya ɗauke da tsutsar ciki.

Ni dai a wurina babu kamar farfesun haƙarƙari. Ki sa mahauci ya sassara miki shi ƙanana, ki rage kitsen, ki wanke. Ki zuba a tukunya da albasa, tafarnuwa, citta, ɗan masoro, daddawa da gishiri kaɗan, ki sa ruwa ya rufe naman. In ya tafasa sai ki rage wuta, ki bar shi kamar awa ɗaya da rabi, har tsokar ta fara rabuwa da ƙashi. Naman tsohuwar akuya yakan wuce haka. Dab da saukewa ki zuba tumatir da tattasai da ganyen alayyafo ko zogale, ki matsa lemon tsami a kwano. Tsamin nan ba don daɗi kawai ba ne, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen. Idan ƙwannafi yana damunki, kamar yadda yake damun da yawa a watannin ƙarshe, ki sassauta attaruhu.

In kuma gashi ranki yake so, kada ki ɗora ɗanyen haƙarƙari kai tsaye a garwashi, domin bayansa zai ƙone cikinsa bai dahu ba. Ki fara sulala shi da kayan ƙamshi, ki tsame, ki shafa ɗan man gyaɗa da yaji, sannan ki gasa a wuta maras ƙarfi kina juyawa. Romon da ya rage kada ki zubar, ki yi miya da shi. Maigida, in ka sayo mata tsire ko balangu a hanya, a sake ɗumama shi ya yi zafi sosai kafin ta ci.

Wuƙa da katakon da kika yanka ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa albasa ko kabeji da za a ci ɗanye, hannu ma haka. Kada ki ɗanɗana naman da bai gama dahuwa ba. Dafaffe kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili, musamman da zafin bazara. In babu wutar firij, ki dafa daidai ci.

Hanta fa? Tana da sinadarin ƙarfe da yawa, amma bitamin A ɗin cikinta ya yi yawa, kuma yawansa na iya cutar da jariri, musamman a watanni ukun farko. Gara ki haƙura da ita ki riƙe tsoka. Shayi kuma ki jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci, domin yana tare sinadarin. Ƙwayoyin ƙarin jini da muke ba ki wurin awo ki ci gaba da sha kullum, ko da kina samun nama a gida. In suna tayar miki da zuciya, ki faɗa mana a zuwanki na gaba mu duba yadda za ki riƙa shan su.