Yadda Ake Taimakon Manomin da Asara Ta Taɓa wa Zuciya da Jiki

Daga Tamburawa a ƙasar Dawakin Kudu zuwa Kura, Bunkure da Kadawa, noman rani ne ke riƙe da gidaje masu yawa. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke saki ta kanal ya sa ana noma shinkafa, alkama, tumatir da albasa ko da sama ba ta zubo ba. Sai dai sana'ar tana da ɗaga hankali. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki don rashin kaya. A 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya yi tsalle. Wata shekarar kuma kaya ne ke yin yawa a kasuwar Kwanar Gafan, kwando ya kasa biyan kuɗin tsinka da na mota. Ga ambaliya, ga gobara, ga haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Zariya.

Ana lissafin asara da buhu da kwando, amma ba a cika lissafa abin da take yi wa mai gonar ba. Idan mutum ya firgita ko ya shiga zullumi, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda sukan saki sinadaran adiranalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya ƙaru, narkewar abinci ta ragu. Wannan shiri ne na kare kai, kuma yana da amfani na ɗan lokaci. Matsalar ita ce idan ya ƙi lafawa, kamar injin ban ruwa da aka bari yana aiki dare da rana ba hutu. Da tafiya ta yi tafiya sai ga rashin barci, ciwon kai, hawan jini, rikicewar ciwon suga da raunin garkuwar jiki. Ga matakan da ɗan'uwa, mata, maƙwabci ko aboki zai bi don tarar abin da wuri.

Mataki na ɗaya: lura da canji

Labarin zuciya a tambayi fuska. Namiji a ƙasar Hausa ba kasafai yake cewa yana cikin damuwa ba. Abin da zai ce shi ne kansa na sarawa, ƙirjinsa ya yi nauyi, gabansa na faɗuwa, ko wani abu na yawo a jikinsa. Duba ko ya daina zuwa majalisa, ko yana barin tuwo a kwano, ko yana farkawa tsakar dare ya zauna a ƙofar ɗaki har kiran assalatu. Duba ko mai haƙuri ya koma mai saurin fushi da yara, ko ya daina leƙa gonar da a da ba ya kwana bai gan ta ba. Wanda ya tsira daga ambaliya ko haɗari yakan riƙa ganin abin a mafarki, ya zabura da ƙarar mota ko tsawa, ya guje wa wurin da abin ya faru. A kwanakin farko duk wannan ba abin mamaki ba ne, kuma mafi yawan mutane suna dawowa daidai idan sun sami masu tsaya musu.

Mataki na biyu: je ka zauna, ka saurara

Jajen taro daban, zaman mutum biyu daban. Same shi a inuwar gona ko a zaure bayan la'asar, lokacin da ba kowa. Ka fara da gaisuwa da addu'a, sannan ka buɗe ƙofa a hankali: "Yaya, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Na ga kwana biyu ba ka fitowa. Yaya barcin?" Tambayar barci da cin abinci ta fi sauƙin amsawa a kan tambayar zuciya, kuma daga nan magana kan ɓalle.

Idan ya fara magana, kada ka katse shi da labarin taka asarar. Idan ya yi shiru, ka zauna tare da shirun. Kada ka matsa masa ya maimaita yadda ruwa ya tafi da ɗansa ko yadda motar ta kife. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana tilasta wa wanda ya firgita ya zayyana abin da ya faru. Kada ka ce masa imaninsa ne ya yi rauni, ko ai shi namiji ne. Haƙuri da tawakkali ginshiƙai ne, amma mai imani ma yana rashin lafiya, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Abin da ya faɗa maka amana ne, kada ya kai majalisa.

Mataki na uku: kawar da maganin feshi daga kusa

A yankin noman rani kusan kowane gida yana da galan ko kwalbar maganin ƙwari da na ciyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu halaka kansu a duniya maganin ƙwari suke sha, kuma galibi a yankunan karkara na manoma. Sau da yawa tunanin na ɗan lokaci ne. Idan babu guba a kusa, sai lokacin ya wuce mutum yana raye. Saboda haka idan ka ji kalamai irin su "gara ma in huta" ko "ku kula min da yara", kwashe duk maganin feshi ka kulle a wani gidan, ka riƙe makullin. Sannan ka tambaye shi kai tsaye: "Baba, kana tunanin cutar da kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar. Idan kuma har ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti tare da kwalbar don likita ya san irin gubar.

Mataki na huɗu: a taɓa tushen damuwar

Nasiha ba ta biyan kuɗin taki. Ɗauko takarda ku rubuta bashin ɗaya bayan ɗaya: na dillali, na mai taki, na 'yan ƙwadago, na hayar gona, da ranar biyan kowanne. Bashin da ke yawo a kai cikin dare ya fi girma a kan wanda aka rubuta aka gani. Ku ware na gaggawa, ku nemi liman, mai unguwa ko sarkin noma ya raka shi wurin mai bin bashi a nemi ɗaga lokaci ko biya kaɗan-kaɗan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: 'yan ƙungiyar masu amfani da ruwa na sashensa za su iya yi masa gayya, ko su ranta masa iri. A hana shi yanke babbar shawara, kamar sayar da gona ko sakin aure, a cikin makonnin farko.

Mataki na biyar: a gyara barci, abinci da motsi

A tsayar da lokaci guda na kwanciya da na tashi. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7. Goro, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari a bar su daga la'asar. A ci abinci a kan lokaci tare da iyali, a rage gishiri da dunƙule. Ya riƙa fita yana taka ƙafa ko yin ƙaramin aiki kowace rana, domin zaman ɗaki yana ƙara nauyin zuciya. Idan gaba ya faɗi, ya zauna ya ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, ya sake shi ta baki da jinkiri fiye da yadda ya ja, ya maimaita na 'yan mintuna. Salla cikin jam'i da zikiri suna ba da natsuwa, suna kuma mayar da shi cikin mutane.

A kiyayi ƙwayoyin kemis. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018, suna rufe damuwa na awoyi su bar mutum da jaraba. Ƙwayar barci ba tare da likita ba ita ma haka. Yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen na iya jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda.

Mataki na shida: a auna jiki

Raka shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko babban asibitin Dawakin Kudu ko na Kura, a auna jini da suga. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne, kuma yana bukatar kulawa ko da mutum ba ya jin komai. A duba zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, domin ba kowace kasala ce ta damuwa ba. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya asarar da aka yi, kada a tsaya a ciwon kai kawai. Idan baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure da ciwo, wannan ba na jira ba ne ko na dare ɗaya.

Mataki na bakwai: a san lokacin ganin likitan ƙwaƙwalwa

Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai mako 2 kusan kullum, ko mafarkai da zabura suka wuce wata 1 suna hana aiki, a nemi a tura shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, akwai na sha, wanda kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa kuma ba a daina shi sai da izinin likita. Addu'a da ruƙiyya su tafi tare da asibiti, amma duka da ɗauri da mari ba magani ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin mai irin wannan lalura.

Mataki na takwas: a duba cikin gida, a ci gaba da zuwa

Asarar maigida tana sauka a kan uwargida, musamman mai turara shinkafa da jarinta ya tafi tare da amfanin gonar, da mai ciki da mai jego. A samu 'yar'uwa ko ƙawa ta zauna da ita kamar yadda aka zauna da shi. Yaron da ya koma fitsarin kwance ko ya manne wa uwa bayan wani tashin hankali, rarrashi yake bukata da komawa makaranta da wasa, ba bulala ba. Kuma masu jaje sukan watse cikin mako guda, alhali nauyin yakan fi tsanani bayan sun watse, lokacin da masu bashi suka fara sallama. Ka sa ranar komawa, ka cika ta.

Ya kai mai karatu, idan akwai wanda gonarsa ta ƙone ko ruwa ya ci a unguwarku bana, kada ka jira sai an ce jininsa ya hau ya faɗi. Je ka gaishe shi yau, ka tambayi barcinsa, ka duba inda yake ajiye maganin feshi. Limamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma kuma su sa wannan magana cikin huɗuba da taro kafin kakar rani ta kama. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.