Darasi: Da me ake yin tangaran?

A gidajenmu muna da randa da tulu, muna kuma da kofi da farantin tangaran, wanda ake yi wa kirari da faɗi-ka-mutu. Dukkansu daga ƙasa suka fito, amma halinsu ya bambanta. Randa tana tsattsafo, tana sanyaya ruwa. Tangaran kuwa ko ɗigo ba ya sha. A darasin yau za mu ga dalili, da abin da wannan ya shafi lafiyarmu.

Asalinsa

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara yin tangaran, fiye da shekara 1000 da suka wuce. Turawa sun daɗe suna saye da tsada, ba su san sirrinsa ba. Sai a shekarar 1710 aka buɗe masana'anta a garin Maisan na ƙasar Jamus. A 1768 aka gano irin ƙasar da ake bukata kusa da Limoj, a Faransa.

Abubuwa uku

In an raba kwaɓin kashi huɗu, galibi haka yake:

1. Kashi biyu farar ƙasa ce, wadda masana ke kira kawolin, daga sunan wani tsauni a ƙasar Sin. Ita ke ba da fari, ita ke riƙe siffar kwano cikin wuta.
2. Kashi ɗaya garin dutsen ƙanƙara ne, dangin farin yashi. Shi ne kamar ƙashin jiki.
3. Kashi ɗaya garin wani dutse ne mai suna feldisfat. Shi ke narkewa, ya zama kamar ruwan kwalba, ya toshe ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa.

Aikin wuta

Mun san ruwa yana tafasa a digiri 100. Masu ginin tukwane, irin na Miriya da Bubon, suna gasa yumɓu da kara da kashin shanu, zafin bai cika kai digiri 1000 ba. Saboda haka ƙofofin suna nan a buɗe. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Shi ya sa ruwan randa ke da sanyi.

Tangaran kuwa sai wuta ta kai digiri 1200 zuwa 1400. A nan jikinsa ke haɗewa ya zama ɗaya. Don haka yana da tauri, ba ya tsatsa, ba ya riƙe wari, lantarki ba ya ratsa shi. In mun ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Aibinsa ɗaya: ba ya lanƙwasa, in ya faɗi sai ya fashe.

Abin da ya shafi lafiyarmu

Na farko, tunda tangaran ba ya shan ruwa, wanke shi da sabulu yana fitar da dauɗa sarai. Ya dace da abincin yaro da na marar lafiya. Amma in ya tsage, ƙwayoyin cuta suna samun maɓoya a tsagin. Mu daina cin abinci a cikinsa.

Na biyu, mu kula da zanen ado. Wasu masu rahusa akwai dalma cikin fentinsu. Abu mai tsami, kamar tsamiya da lemun tsami da nono, yana jawo dalmar ta shiga abinci. Dalma guba ce, tana dakushe ƙwaƙwalwar yara. In zanen yana cikin kwano, kuma yana gogewa, mu bar shi ga adon ɗaki.

Na uku, randa tana sanyaya ruwa, amma ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Mu riƙa wanke ta, mu rufe ta, mu ware mata moɗa mai tsabta.

Na huɗu, farar ƙasa ta ginin kwano ce, ba abinci ba ce. Mai ciki da ke cin ta tana iya samun ƙarancin jini da taurin bayan gida. In kwaɗayinta ya dame ta, ta faɗa wa ungozoma ranar awo.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ake haɗawa a yi tangaran?
2. Me ya sa randa ke sanyaya ruwa?
3. Wane irin kwano ne bai kamata mu zuba wa yaro fura da nono a ciki ba?