Waya Ta Kwana Wurin Maigida

Ya ku masu gida da iyaye mata na Karakkai da kewaye, ga wata magana game da 'ya'yanku samari da 'yan mata.

Sau da yawa akan kawo mini yaro ɗakin shan magani, a ce kullum ciwon kai, ido ja, ga kasala, ga saurin fushi. A gwada jini, babu zazzaɓin cizon sauro. In na ce, "Yaushe kake barci?" sai ya sunkuyar da kai. Ashe waya ce a hannunsa har zakara ya yi cara.

Ku sani, yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10 kowane dare. Duhu ne ke sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin da ke kawo barci. Hasken waya kusa da ido yakan jinkirta shi, abin da ake kallo kuma ya hana zuciya kwanciya. Barci kuwa bashi ne. Wanda bai biya da dare ba zai biya a aji ko a gona.

Kun tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga. An sha wuya, ba mu fatan a sake. Amma mun ga yaro na iya kwana ba waya, gari ya waye lafiya. To, yanzu sai a yi da dabara, ba da tilas ba.

1. Bayan sallar isha'i a tara wayoyin yara wurin maigida. A bar ɗaya a kunne saboda ta-kwana.
2. Lokacin cin tuwo, babu waya.
3. Yini guda a mako a huta da ita. A je zumunci, a buga ƙwallo, a yi gaɗa, a zauna hira da kaka.
4. Ban da duka. Uba ya fara ajiye tasa, yaro ya gani.
5. In an yi mako biyu babu sauƙi, ku kawo shi a duba. In kuwa ya ƙi abinci, ya ware kansa, ko yana cewa ya gaji da duniya, ku kawo shi ran nan, kada a kwana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.