Darasi na 17: Zaɓen Baƙin Shayi da Dafa Shi

Shayi ya zama abin shan kowa a ƙasarmu. Daga Batsari zuwa Ruma da Wagini, daga Safana zuwa Runka da Zakka, da wuya ka ga bakin kasuwa ko tasha inda babu teburin mai shayi. Manomi yana sha kafin ya tafi gona. Mai azumi yana sha da sahur da buɗa-baki. Amma mutane da yawa suna zaton shayi mai ƙarfi shi ne wanda ya daɗe bisa wuta har ya yi baƙi ƙirin. Ba haka ba ne. Ƙarfin shayi daga abu 3 yake fitowa: ganye mai kyau, da ruwa mai kyau, da awo daidai.

INDA SHAYI YA FITO

Shayi ganyen wani ɗan itace ne. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. Yana son ruwan sama mai yawa da laima, saboda haka ba ya yi a ƙasar Katsina. Ana nomansa a Sin, da Indiya, da Siri Lanka, da Kenya. A Kenya an fara dasa shi a 1903, yau kuwa ita ce kan gaba wajen sayar wa duniya baƙin shayi. A Nijeriya ma ana nomansa a Kakara, bisa tsaunin Mambila, cikin Jihar Taraba. Shi ake sayarwa da sunan Highland Tea.

Koren shayi da Buzaye ke dafawa da baƙin shayi duk itace guda ne. Sarrafawa ce ta raba su. In ana son baƙi, sai a tsinko toho, a shanya shi ya yi yaushi, a murje shi, a bar shi iska ta buge shi har ya yi duhu, sa'an nan a busar da shi da zafi. Shi kuwa kore, tun da fari ake gasa shi ko a turara shi, don kada ya yi duhu.

ME YA SA AKE GAURAYA GANYE?

Kowace ƙasa da irin ganyenta. Na Asam a Indiya yana da nauyi a baki. Na Kenya yana ba da ja mai haske. Na Siri Lanka ya fi su ƙamshi. Don haka masu kamfani sukan gauraya iri 2 ko 3 ko fiye cikin kwali guda, don wannan ya cike abin da wancan ya rasa.

Girman ganye ma yana da magana. Mai ƙananan ƙwayoyi kamar tsabar gero yana saurin sakin ƙarfinsa, kuma madara ba ta danne shi. Irinsa ne cikin 'yan jakunkunan nan masu zare. Mai dogon ganye ya fi jinkiri, amma ya fi ƙamshi. In ka sami duka biyu, gwada cokali 2 na ƙanana da cokali 1 na dogo.

YADDA ZA KA ZAƁA

A nan karatunka zai yi maka rana. Kafin ka miƙa kuɗi, juya kwalin ka duba.

Da fari, nemi lambar NAFDAC. Ita ce hukumar da aka kafa a 1993 don lura da abinci da magunguna.

Na biyu, nemi haruffan EXP ko BB. Lambar da ke biye da su ita ce iyakar lokacin kayan. In ka ga 08/2027, watau watan Agusta na 2027 ke nan. In watan ya wuce, ajiye musu abinsu.

Na uku, in na awo ne, shinshina. Ganye mai kyau busasshe ne, yana ƙamshi. In ka ji warin rima, ko na kananzir, ko na sabulu, kada ka saya, gama ganyen shayi yana shan warin abin da ke kusa da shi.

Na huɗu, akwai marasa tsoron Allah da ke rina tsohon ganye su sayar. Ga yadda za ka gane. Zuba kaɗan cikin ruwan sanyi. In ruwan ya yi ja nan take, da rini a ciki. Ganyen gaskiya a hankali yake sakin launi cikin ruwan sanyi. Ka tuna, araha ba ta ado.

In ka kawo gida, zuba shi cikin gwangwani mai murfi. Kada ka ajiye shi kusa da daddawa ko albasa.

YADDA ZA KA DAFA

1. Wanke buta da kofi da mataci.
2. Ɗebo ruwa mai daɗi. Ruwan zartsi yana kashe ɗanɗanon shayi, yana sa wani maiƙo a samansa.
3. In kana son kayan ƙamshi, daka citta da kanumfari da masoro kaɗan, ka zuba tun ruwan yana sanyi. Su ne ke bukatar dafuwa, ba ganyen ba.
4. Bari ruwan ya tafasa sosai, ya yi kamar minti 1 yana tafarfasa. Wannan yana kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo da kwalara.
5. Sauke butar. Zuba ganye ƙaramin cokali 1 ga kowane kofi, watau wajen giram 2. In mai ƙarfi kake so, sa cokali 1 da rabi.
6. Rufe, ka jira minti 3 zuwa 5.
7. Tace duka, kada ka bar ganyen a ciki.

Lura da wannan ƙwarai. Cikin ganyen akwai sinadari mai wartsake jiki da hana barci, irin wanda ke cikin goro. Yawancinsa yana fita cikin mintocin farko. Bayan haka abin da ke ƙaruwa shi ne bauri, ƙamshi kuwa yana bin tururi ya tafi. Sai mutum ya yi ta zuba sukari don ya kashe ɗaci. Ya yi hasarar sukari, ya yi hasarar itace. Kowa ya san wahalar itace da gawayi a shekarun nan da ɓarayin daji suka sa shiga dajin Rugu ya zama kasada. To, mai son ƙarfi ya ƙara ganye, kada ya ƙara wuta.

Wanda ke son ruwan bunu, watau shayi ba madara, yana iya matsa lemun tsami ko ya jefa na'ana'a. Mai son haɗin kauri ya zuba madara bayan an tace. In ɗanyar madarar shanu ce, lalle a tafasa ta tukuna.

SHAYI DA LAFIYA

Baurin shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe mai gina jini daga wake da zogale da sauran ganyaye. Saboda haka mace mai ciki, da mai jego, da duk mai ƙarancin jini, su bar shayi sai bayan cin abinci da awa 1 ko fiye. Maigida, kai za ka lura da wannan a gidanka.

Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kada a ba shi shayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce wajen ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Wanda ke sa cokali 4 a kofi, ya sha kofi 3, ya cinye rabonsa duka a shayi kaɗai.

Samari kuma, kada ku yarda a jefa muku ƙwaya cikin shayi wai don ƙarfin noma. Wannan ba ƙarfi ba ne, bashi ne, kuma da lafiyarku za ku biya shi.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abu 3 da ke sa shayi ya yi ƙarfi.
2. A wace jiha ake noman shayi a Nijeriya?
3. Kwali yana da EXP 03/2028. Wane wata ke nan?
4. Baƙi 6 sun zo, kowa yana son mai ƙarfi. Cokali nawa za ka zuba?
5. Don me mai ciki ba za ta sha shayi tare da abinci ba?

RUBUTU

Kwafi wannan sau 3: Ƙara ganye, kada ka ƙara wuta.

Gobe kowa ya zo da tsohon kwalin shayi, mu karanta abin da ke jikinsa tare.